Tsohuwa Mai Gato, Da Abin Da Masu Sharhi Sunka Tsallake

Tun kafin azumi wani abokina da ke karantarwa a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi ya tura min fim ɗin nan a kati, ya ce in kalla in gaya mishi abin da na gani, ni kuma na bar shi cikin waya har na manta, don gaskiya ban cika son fim ɗin da sai ka yi ta bin rubutu a ƙasa ba. Sai wani dare da kuran ya ɗauke, zafi ya hana kowa barci, na jawo tabarma tsakar gida na kunna shi don dare ya rage. Minti 97 ne, ban tashi ba har ya ƙare, kuma da ya ƙare ɗin ma na daɗe zaune da wayar a hannu.

Fim ɗin Iran ne, da Farisanci, ni da fassarar Faransanci na kalle shi, sunan da anka sa mishi can Faransa Mon gâteau préféré, wato gaton da na fi so, kek kenan. Mata da miji ne sunka shirya shi, Maryam Moghaddam da Behtash Sanaeeha. Labarin wata tsohuwa ce a birnin Tehran, Mahin, shekararta 70, ta yi aikin jinya a asibiti har ta yi ritaya, mijinta ya rasu wajen shekara 30 da sunka wuce, 'ya'yanta suna ƙasar waje sai dai waya, wayar ma a gaggauce. Gida gare ta mai kyau da ɗan lambu a ciki, ba ta rasa ci ba ba ta rasa sha ba, amma dare ya yi barci ya ƙi zuwa sai ta zauna gaban tele, gari ya waye ta yi ta barci har rana ta take don ba abin da za ta tashi ta yi. Ƙawayenta in sun haɗu cin abinci hirarsu duk ta ciwo ce, wagga hawan jini waccan hanji, kamar dai yadda iyayenmu mata ke yi in sun haɗu gidan suna. Rannan sai ta yi wanka ta yi kwalliya ta fita, a wani gidan cin abinci na 'yan fansho ta ji ana hira ta gane wani tsoho mai tuƙin taksi, Faramarz, shi ma shekara 70, tsohon soja da ya yi yaƙin Iran da Iraƙi, ba shi da mata ba shi da mai dafa mishi. Ta bi shi har tasharsu, ta ce shi take so ya kai ta gida, a hanya kuma ta buɗe baki ta ce ya shigo. Duk sauran fim ɗin daren nan ne guda. Ya gyara mata fitilun lambu da sunka daɗe a mace, sunka ci abinci, sunka sha giya, sunka yi hira, sunka ɗauki hoto da waya, sunka yi rawa, maƙwabciya mai sa ido ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce ta ji muryar namiji, Mahin ta ce mai gyaran famfo ne. Ta shiga madafa ta haɗa gato, ta fito ta iske shi kwance kan gado rai ya yi halinsa.

A watan Fabrairu 2024 anka fara nuna shi a bikin finafinai na Balin a Jamus, cikin masu takarar babbar kyauta. Bai ci babbar ba, shekarar nan Mati Diop 'yar asalin Senegal ta ɗauke ta da fim ɗinta kan kayan tarihi 26 da Faransa ta maido wa maƙwabtanmu na Benin, kuma Lupita Nyong'o 'yar Kenya ce shugabar alƙalai, abin da ya yi min daɗi ƙwarai. Amma fim ɗin tsohuwa ya samu kyauta biyu, ɗaya daga FIPRESCI wato ƙungiyar masu sharhin finafinai ta duniya, ɗaya daga alƙalan majami'un Kirista. To kun ga masu sharhi da kansu sunka ɗaga hannunsa. Sai dai waɗanda sunka yi fim ɗin ba su je ba, tun watan Satumba 2023 hukuma ta karɓe musu fasfo a filin jirgin Tehran suna shirin zuwa Faris ƙarasa aikin, sai 'yan wasan biyu, Lily Farhadpour da Esmail Mehrabi, sunka tsaya gaban 'yan jarida riƙe da hotonsu. A 2025 kotu ta yanke musu ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata 14 da tara. Ba a taɓa ba fim ɗin izinin shiga sinima a Iran ba, ta intanet ya bazu.

In ba ka san dokar fim ta Iran ba za ka ce mene ne abin kotu a labarin tsofaffi biyu. Bayan juyin juya halin 1979, da dokar 1983 da ta tilasta hijabi, ƙa'idar ita ce mace ba ta fitowa a fim kai buɗe ko da an nuna ta ita kaɗai cikin ɗakin barcinta, kuma namiji da mace ba sa taɓa juna gaban kyamara ko da a labarin mata da miji ne ko uwa da ɗa. Shekara arba'in da wani abu masu fim na can suna kewaye-kewaye da wanga abu, wasu ma sai su ƙi nuna cikin gida gaba ɗaya don kada su yi ƙarya. Waɗannan biyun sai sunka ce su za su nuna mace yadda take zama cikin gidanta. Ga shi kuma ana cikin aikin ne Mahsa Amini mai shekara 22 ta mutu a hannun 'yan sandan ɗa'a ranar 16 ga Satumba 2022, ƙasar ta kama da zanga-zanga. A fim ɗin ma akwai wurin da Mahin ta tsaya ta yi sa-in-sa da 'yan sandan nan a wani lambun shaƙatawa don ta ƙwaci wata yarinya da za su jefa mota.

Shi ya sa kusan duk sharhin da na bi na karanta na Turawa, da Faransanci da wanda abokina ya fassara min, nan sunka fi zama. Gashin kai, kwalbar giya, rawa, hukuma, 'yanci. Ban ce sun yi ƙarya ba, mutanen da anka karɓe wa fasfo anka kai kotu ba za ka ce babu siyasa a aikinsu ba. Amma ni abin da ya dame ni, siyasar ta haɗiye tsohuwar. Kana karantawa sai ka ga Mahin ta tashi daga mutum ta koma tuta, kowa na kaɗa ta don ya faɗi abin da dama yake son faɗi kan malaman Iran. Alhali ka cire hijabin ka cire 'yan sandan ka cire Tehran ɗin, ka aje matar nan a unguwar Bagalam ko Sabon Gari, daren nata ba zai ragu da minti ɗaya ba. Abin da ke hana ta barci ba doka ce ta kawo shi ba, shekara talatin ce ta dafa abinci ta zuba a kwano guda.

Sai abu na biyu da na lura da shi, irin kalmomin yabon. Da yake akwai gato a sunan fim ɗin kowa sai ya bi ta nan, fim mai zaƙi, mai taushi, mai sanyaya rai, tsofaffi masu ban sha'awa. Yabo ne, amma irin yabon da ake yi wa yaro in ya sa babbar rigar babansa. Na san muryar nan sarai don da ita muke magana a nan, in tsohuwa ta sa lalle ta ɗaura sabon zane jikoki su taso da tsokana, kaka amarya, kaka wa ya yi zuwa, a yi dariya a watse, ba wanda zai tsaya ya ce to in da gaske akwai wanda ya yi zuwan fa? Wasan jika da kaka abu ne mai kyau a al'adarmu, jika namiji ya ce da kakarsa matata, ita ta ce mijina ka kawo cefane, amma wani lokaci wasan nan shi ne murfin da muke rufe maganar da shi. Lily Farhadpour kuwa ba wasa ta yi ba. Akwai wurin da take zaune gaban madubi tana shafa kwalli a fatar ido da ta saki, ta duba, ta goge, fuskarta ba dariya ba kuka, wallahi wurin nan ya fi min duk rawar da anka yi ta yabo nauyi.

Inda masu sharhi sunka rabu da gaske shi ne ƙarshen fim ɗin. Bayan ta yi ta danna mishi ƙirji bai tashi ba, Mahin ba ta kira likita ba, ba ta kira maƙwabta ba. Ta gyara shi, ta naɗe shi, ta gutsuri gaton ta sa mishi a baki, da gari ya waye ta sa anka haƙa mata rami a lambu kamar za ta dasa itace, ta ja shi ita kaɗai ta rufe. Fim ɗin ya ɗan nuna alamar cewa maganin da ya tsaya ya saya a farmasi kan hanya na da hannu, bai dai faɗa ƙarara ba. Wasu sunka ce wanga ƙarshe cin amana ne, an ɗauki awa guda ana sa ka ƙaunaci mutane biyu sannan a fizge tabarma, kamar ana hukunta tsohuwa don ta yi ƙarfin halin neman farin ciki. Wasu sunka ce a'a, ai saƙon kenan, a ƙasar da namiji da macen da ba aure tsakaninsu za su iya shan bulala in an kama su, ko mutuwa ba ta da ikon fitowa fili, dole a ɓoye ta a bayan gida.

Masu maganar farko suna da hujja, don abin ya zama kamar ɗabi'a a finafinan tsofaffi da ke cin kyauta a Turai. Ku tuna Amour na Michael Haneke da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na birnin Kan a Faransa a 2012 ya kuma ci Oscar a 2013, tsoho da tsohuwa malaman kiɗa a Faris, shanyewar ɓarin jiki ta kama matar, mijin ya yi ta jinya har ƙarshe ya danne ta da matashin kai. Duniya ta yi ta tafi, Emmanuelle Riva tana da shekara 85 anka sa ta cikin masu takarar Oscar, amma wata mai nazarin tsufa a Amurka, Margaret Morganroth Gullette, ta rubuta a jaridar Guardian cewa fim ɗin talla ne ga kashe majinyaci da sunan tausayi. Tambayar da ke ƙasa ita ce, me ya sa in anka nuna so tsakanin masu furfura sai an biya kuɗinsa da gawa kafin a ɗauke shi da muhimmanci? Saurayi da budurwa a fim suna iya ƙarewa da biki, tsoho da tsohuwa kuwa sai makara. Kamar masu rubutun ba su iya hango safiyar da za ta biyo baya ba, ya tashi yana tari tana dama mishi kunu, suna gardama kan wa ya bar famfo a buɗe, shekara biyar ko goma a haka.

Duk da haka ni ban ga hukunci a mutuwar Faramarz ba. Mu nan ba mu ɗauki mutuwar ɗan shekara 70 a matsayin mugunta ta mai rubuta labari ba, ajali ne, mun sha ganin wanda ya yi sallar isha'i cikin jam'i da asuba aka ce babu shi. Abin da ya tsaya min a wuya daban ne, kuma ban ga wanda ya tsaya kansa ba cikin duk abin da na karanta. Mutumin nan an rufe shi ba salla. Ba wanda ya tsaya sahu a kansa, ba a ɗauki makara ba, ba zaman makoki, abokan aikinsa na tasha za su wayi gari su ga mota ba direba shi kenan. Ita kuma ba ta da ikon ta yi kuka a ji, ba mai zuwa ya ce mata ya haƙuri, ba takaba don ba matarsa ba ce, za ta ci gaba da ba shukokinta ruwa a kan kabarin da ita kaɗai ta san da shi. Duk ɗan Maradi da ya taɓa ganin yadda unguwa ke cika in an yi rasuwa, a shimfiɗa tabarmi har bakin titi, mata na shiga da kwanonin abinci, mutane daga Tibiri da Madarunfa da Jibiya suna sauka, zai gane cewa wanga shi ne tashin hankalin. Kaɗaicin da ta fita gudu da safe ya biyo ta gida ya ninku.

Kuma ba zan ɓoye ba, akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Giyar da sunka sha, da keɓewar namiji da mace ba aure, ni Musulmi ne ban ga yadda zan yi in kira su 'yanci ba, kuma ba zan ce a zauna a kalli fim ɗin da yara ba. Na san da yawa cikin masu karanta wanga rubutu nan za su tsaya su ce ai shi kenan, fim ɗin fasiƙanci ne Turawa sunka ba kyauta don ya zagi Musulunci. Ina roƙonku ku ɗan ƙara taku ɗaya. In mun ce hanyar da ta bi ba daidai ba ce, to sai mu nuna ƙofar da ke daidai, kuma mu tabbata a buɗe take. A addini a buɗe take ƙwarai. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, in ta cika mace na da ikon ta yi aure, ba a sa iyakar shekaru ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, bayan rasuwar Nana Khadija wadda ya fara aura ita ce Sauda bint Zam'a, bazawara da ta manyanta, ya auri Ummu Salama da 'ya'yanta marayu. Aya ta 21 a Suratur Rum da ake karantawa kullum wajen ɗaurin aure natsuwa ta ambata da ƙauna da jinƙai. Ko aya ta 60 a Suratun Nur da ta sauƙaƙa wa tsofaffin mata sa mayafi, cewa ta yi waɗanda ba sa sa ran aure, kun ga kenan akwai masu sa rai.

A al'ada ma kakanninmu sun san da abin. Auren ɗauki sandarka ai don irin haka ake yinsa, mace ta manyanta tana cikin gidanta da 'ya'yanta da sana'arta, ba za ta tashi ta koma gidan wani ta zauna da kishiyoyi sa'o'in ɗiyanta ba, sai mijin ya riƙa zuwa. An ɗaura da waliyyi da shaidu da sadaki, an raba goro, unguwa ta sani. Hausawa da sunka ce tsohuwar zuma da ke ake magani ba su ɗauki mace mai shekaru abin yarwa ba. Wata Ba'amurkiya mai binciken tarihi, Barbara Cooper, ta zauna garin nan ta rubuta littafi guda kan aure a Maradi daga 1900 zuwa 1989, kuma abin da kowa ya sani ne cewa matan Maradi ba su saba zama ba aure don miji ya mutu ko ya saki ba. To yaushe munka fara jin kunyar abin?

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina. Mijinta ya rasu tana wajen shekara hamsin da 'yan kai, ta yi takaba ta fita, ta zauna gidan da ya bari tare da 'ya'yanta maza biyu da matansu. Bayan kamar shekara shida wani dattijo da ke layin bayansu, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Maradi da Kano, shi ma matarsa ta rasu, ya fara biyowa ta ƙofar gidan in za shi masallaci la'asar. Ya tsaya daga zaure ya yi sallama, ta amsa daga ciki, Hajiya ya ƙafa, Alhaji ya tari, shi kenan ya wuce. Sun fi shekara a haka. Rannan ya aiko ƙanensa da goro wajen babana. Baba ya ce shi ba shi da ta cewa sai abin da ta ce, amma a kira 'ya'yanta a ji. Ina wurin ranar, ina zaune bakin ƙofa. Babban ɗanta ko zama bai gama yi ba ya ce, Inna, yanzu da jikokinki goma sha za ki sa a riƙa nuna mu a gari? Me kika rasa? Ƙaramin ya ce shi dai ya san gidan tsohon nan ke hange. Matan gidan suna daga ɗaki ana ƙyalƙyala dariya ƙasa-ƙasa, ni ma na yi murmushi, wanga abu har yau yana cina. Gwaggo kanta na sunkuye, ta ce, ni dama ban ce ina son arme ba, Yaya, a maida musu goronsu, Allah shi sa haka ta fi zama alheri. Da ta miƙe za ta fita ne na ga ƙafafunta, ta sa lalle ya kama ja wur, ita da rabonta da lalle tun kafin rasuwar.

Dattijon bai sake biyowa ta layin ba, sai ya riƙa kewayawa ta bakin titi. Daga baya na ji ya auri wata bazawara a Tibiri ya koma can.

Me kika rasa. Wagga tambaya ita ce dai masu sharhin can ma ba su amsa ba, sun ce abin da Mahin ta rasa 'yanci ne, mu kuma mun ce gwaggo ba ta rasa komai ba tunda ga tuwo ga jikoki ga kuɗin magani. Kuma a nan gardamar da za a yi min kenan, a ce kaɗaici ciwon Turawa ne da na manyan birane, mu gidajenmu cike suke. Gaskiya ne cike suke, Nijar na cikin ƙasashen da sunka fi kowa yawan yara a duniya, wajen rabin mutanenmu ba su wuce shekara 15 ba, binciken 2012 ya nuna mace guda a jihar Maradi na haihuwar sama da 8, waɗanda sunka kai shekara 65 kuwa ba su kai 3 cikin 100 ba a ƙasar duka. Amma wanga lissafi shi ke nuna maka yadda tsoho ke ɓacewa cikin taro. Gida na da mutum ashirin, ba ko ɗaya da ya san Maradi ta lokacin gyaɗa, ba wanda ya san yunwar 1984 sai a labari, ba wanda in ta ambaci sunan wata ƙawarta da ta rasu zai ce Allah sarki, mai fura ta bakin kasuwa. Ana gaishe ta da safe a durƙushe, a kawo mata koko, sannan kowa ya koma kan wayarsa. Ga waɗanda 'ya'yan ma sun watse, wani Yamai wani Agadas wani Libiya ko Aljeriya, sai saƙon murya a WhatsApp da ɗan abin da anka turo. Girmamawa muna yi, ban musa ba, amma hira da sa'a wani abu ne da ɗa ba ya iya ba uwarsa ko ya fi kowa biyayya, akwai kunya tsakani, akwai maganar da ba za ta taɓa yi da shi ba.

Ga kuma rashin adalcin da ke ciki wanda ko a fada ba mu cika faɗa ba. Tsoho ɗan shekara 70 matarsa ta rasu, kafin arba'in 'ya'yansa da kansu ke neman mishi wadda za ta kula da shi, wani lokaci yarinya sa'ar jikarsa, a ce ai namiji ba ya zama haka. Tsohuwa kuwa sai a ce ta riƙe tasbaha. Maganar gado ce ke ƙarƙashi sau da yawa, tsoron kada wani ya shigo gidan, alhali a shari'a in tana da 'ya'ya rubu'in abin da ta mallaka ita kanta ne kawai rabon miji, ba ya taɓa kason marayu na dukiyar ubansu, kuma ana iya zama a rubuta komai a gaban shaidu tun kafin a shafa fatiha.

Finafinan Kano da muke saye wajen masu turi kullum su ma ba su taimaka ba. Tsohuwa a ciki ko uwar miji ce mai bin bokaye, ko kaka mai ban dariya da ba ta jin magana sai an ɗaga murya, tsoho kuma in ya ce yana so to an kawo shi ne don a yi mishi dariya yana rina gemu. Soyayya ta 'yan shekara ashirin ce da waƙa cikin lambu. Ga 'yan wasa dattawa maza da mata da sunka ƙware, sun fi yaran iya riƙe fuska nesa ba kusa ba, amma aikinsu a labari su sa albarka ko su tsine. Ina ma wani zai zauna ya rubuta labarin sallamar la'asar daga zaure, shekara guda ana ya ƙafa ya tari, ba giya ba rawa ba abin da hukumar tace finafinai za ta yanke, a kai shi har ɗaurin aure a wuce, a nuna zaman. Ina da yaƙinin gidaje da yawa za a yi shiru in ana kallo.

Ran Juma'ar da ta wuce na je gaishe da gwaggo. Yanzu idonta ya rage gani, tana zaune kan tabarma a inuwar bedi da 'yar rediyonta a gefe, jikoki na ta guje-guje ba mai bi ta kanta. Na zauna na ce, Gwaggo, na kalli wani fim na Larabawan Iran, don haka take kiransu, bari in ba ki labari. Na ba ta tun daga farko, na tsallake giyar da rawar. Ta rage muryar rediyon tana saurare, da na zo wurin fitilun lambu da ya gyara ta ce, kai, namiji mai hannu. Da na kai ƙarshe ta yi salati ta ce Allah shi jiƙan Musulmi. Can ta ce, ɗan nan, to ya samu ya ci gaton kuwa? Na ce a'a Gwaggo, bai kai ga ci ba, sai bayan ya cika ta sa mishi kaɗan a baki. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana murza bakin zanenta. Sannan ta ce in miƙo mata buta, la'asar ta yi.